Garin Ƙarfe a Tawul

Kowa a layinsu 'Yar Tela yake kiranta, har da mijinta. A shagon babanta ta taso, tana tsinto masa allura tana naɗe ƙyallaye, shi ya sa ko ido rufe ta shafa yadi za ta gaya maka ko zai yi laushi ko zai kakkafe bayan wanki. Da ta auri Dogo, mai aiki a wajen wankin motoci na bakin babban titi, sai wannan hannun nata ya samu abin yi. Shi yake tsane motoci bayan an wanke su, ita kuma take kula da tawul ɗin da yake aiki da su. Shekara goma sha bakwai ke nan suna haka.

Tawul ɗinta kashi uku ne, kuma ba ta yarda su haɗu ko a bokiti. Akwai farare masu kauri da gashi-gashi, na jikin mota. Akwai shuɗaye marasa nauyi, na gilashi. Sai tsofaffin da suka gama yayinsu, na taya da ƙasan ƙofa. Sabo in ya zo, kafin komai sai ta sa almakashi ta yanke ɗan ƙyallen kamfani da ke gefensa, ta warware ɗinkin bakin in ya yi tauri. Ba ta sa garin sabulu, don yana barin tsaki-tsaki, na ruwa take sawa. Wanda kuwa ya taɓa ƙasa sau ɗaya, ya koma na taya ke nan, ko jiya aka saye shi.

Dogo kan tsokane ta. "Ni da tawul ɗin nan, in gobara ta tashi ban san wa za ki fara ɗauka ba."

"Kai ai kana da ƙafa, Baban yara," in ji ta.

Shi ma a nasa ɓangaren ba ya wasa. Ba ya murza mota. Shimfiɗa tawul yake yi a kan rufin, ya ɗan daddanna, ya kama gefe biyu ya jawo a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Masu manyan motoci sukan zauna jiransa ko da sauran ma'aikata ba sa komai.

Abin ya soma ne da wata shuɗiyar mota. Dogo ya dawo gida da yamma, ya ajiye jakar tawul, ya zauna yana juya tafin hannunsa.

"Lafiya?"

"Manaja ya kira ni. Wai akwai zane a bonet. Siri-siri, kamar saƙar gizo-gizo. Sai rana ta haska ake gani."

"Ba da shi aka kawo ta ba?"

"Haka na ce masa."

Amma yadda ya faɗa, ta san shi kansa bai yarda ba. Bayan kwana huɗu aka sake gani a wata motar. Dogo ya cire zoben azurfarsa, ya yanke farce har sai da yatsa ya yi jini. Ya fara cewa ko hannunsa ne ya yi nauyi, ko idonsa ne ya soma ragewa. Ita kuwa ta kwashe fararen tawul kaf ta sake wankewa, ta ɗauraye sau uku, ta shanya a igiyar tsakar gida. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, laushi kamar kullum. Duk da haka zuciyarta ba ta kwanta ba.

Akwai wani mai baƙar mota da yake zuwa duk Alhamis. Dogo ya sha ba ta labarinsa: dattijo ne mai sanyin murya, ba ya hira, ba ya faɗa, kuma shi ya jawo wa wajen rabin manyan masu zuwa. A wannan makon, da aka gama masa, sai ya kunna fitilar wayarsa tsakar rana, ya bi jikin motar taku-taku. Ya daɗe a kan ƙofar baya. Sannan ya kashe fitilar, ya dubi Dogo ya ce, "Zan dawo Alhamis." Ya shiga motarsa ya tafi. Manaja ne ya ƙarasa sauran, bayan motar ta fita: in aka sake gani, Dogo ya san inda dare ya yi masa.

Makon nan abinci bai yi wa kowa daɗi ba a gidan. Yara ma suka rage surutu. Abin da bai rage ba shi ne ƙarar injin Auta, ƙanen 'Yar Tela, mai walda. Wata biyu da suka wuce aka tashe shi daga inda yake aiki, ga mata da jariri. Ita ce ta yi ta roƙon Dogo har ya bar masa rumfar da ke jikin katangarsu ta waje. Tun daga nan, safe da yamma, injin yankan ƙarfe yake kuka a bayan katanga, har kunnenta ya saba ta daina ji.

Ranar Alhamis Dogo ya ɗauki jaka ya fita da wuri.

Hantsi ya yi ta fito kwashe wani farin tawul da ta manta a igiya, raɓa ta sauka a kansa. Tana ɗaga shi ta ga ɗige-ɗige jajaye, ƙanana kamar bakin allura. Ta kai hanci. Tsatsa. Me ya haɗa tawul da tsatsa? Ta duba igiyar, ta roba ce. Ta duba bokitin, na roba ne. Daidai nan injin Auta ya tashi, ta ɗaga kai, ta ga tartsatsi yana tsallakowa ta saman katanga, yana mutuwa a iska, daidai kan igiyar shanya.

Ta shiga ɗaki da sauri ta zaro maganaɗisun da babanta yake tsintar allura da shi. Ta bi da shi a kan tawul ɗin sau ɗaya, ta juyo. Baƙin garin ƙarfe ya miƙe a jikin maganaɗisun cirko-cirko, kamar gashin goshin jariri. Ta gwada a wani wanda ta riga ta ninke ta ajiye. Haka. Ta gwada na uku. Garin ya nutse can cikin gashin tawul, inda hannu ba ya ji.

Ta kira wayar Dogo, ta ji tana ruri a kan taga. Ya manta ta.

Ta yafa mayafi, ta dunƙule maganaɗisun a hannu. A waje Auta ya ɗaga gilashin fuskarsa yana murmushi. "Yaya, ina zuwa haka ba ko sallama?"

Ta dube shi, ta dubi injin. "Kashe abin nan har in dawo," ta ce, ta wuce.

Tun daga nesa ta hango baƙar motar a ƙarƙashin rumfa, ruwa yana ɗiga daga jikinta. Dattijon yana zaune a kan benci, hannu a kan gwiwa. Manaja yana tsaye. Dogo ya riga ya gama rufin da bonet, yana shimfiɗa farin tawul a kan but ɗin bayan motar, a hankali, kamar mai lulluɓe marar lafiya.

"Baban yara! Ɗaga shi! Kada ka ja!"

Kowa ya juyo. Ba ta taɓa taka wajen ba sai ranar. Ta karɓi tawul ɗin, ta bi shi da maganaɗisun a gabansu, ta miƙa wa dattijon. Ya karɓa, ya kawo kusa da ido, ya murza garin tsakanin yatsu biyu.

"Daga ina?"

Ta ce, "Daga gidanmu, ranka ya daɗe. Ƙanena ne yake yankan ƙarfe kusa da inda nake shanya. Ni na kawo shi. Hannun maigidana ba shi da laifi."

Dattijon ya miƙe, ya kunna fitilar wayarsa, ya haska bonet. Ko daga inda take tsaye ta ga zanen, dogaye, a jere, kowanne ya bi hanyar da tawul ya bi. Ya mayar mata da maganaɗisun, ya ce, "Kin kyauta da kika faɗa." Ya shiga motar da sauran ruwanta a jiki ya tafi. Bai sake zuwa ba, kuma cikin wata guda mutum huɗu daga cikin waɗanda ya kawo suka bi bayansa.

Ba a kori Dogo ba. Manaja ya mayar da shi wankin taya da shimfiɗun ƙafa, ya ce sai ya ga yadda hali ya yi. Fararen tawul ashirin da shida suka koma na taya rana ɗaya. Dogo bai taɓa cewa ita ta jawo ba, amma ya daina tsokanarta, kuma wannan ya fi mata ciwo.

Da ta gaya wa Auta, sai ya ce shi ba zai zauna inda ake ƙirga masa tartsatsi ba. Ta ce ba korarsa take ba, a ƙara tsayin katanga kawai. Bai saurara ba. Ranar Asabar ya kawo kura ya ɗora injinsa da tukunyar gas, ya ɗaure da igiya. Tana tsaye a ƙofar gida, matarsa ta zo wucewa da jariri a baya, ta sunkuyar da kai.

'Yar Tela ta sayi sababbin farare guda shida, ta yanke musu baki, ta ɗaura igiya a cikin ɗakin yara ta rufe taga. Duk safiya tana sa biyu a jakar Dogo, a cikin leda, ko da Manaja zai ce ya koma kan jikin mota. Duk yamma yana dawo da su a ninke yadda ta ba shi. Jiya ya ce mata an ɗauki wani sabon mai tsane motoci, kuma da nasa tawul ya zo.