Ƙuri'u Biyu a Akwatin Gindin Tsamiya

Zulaiha 'yar Baba Kura ce, mai sayen gyaɗa a kasuwar Roni, wanda kakanninsa suka zo daga Borno. Tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa. Idan maƙwabta suka yi faɗa da safe, kafin azahar ta kai wa uwarta cikakken bayani, har da wanda ya fara zagi da wanda ya rama. Uwar ta yi duka har ta gaji. Baba Kura ya ce a ƙyale ta, tunda dai ba ta ƙara gishiri. Da ta gama karatu a Kazaure wani gidan rediyo ya ɗauke ta wakiliya, aka shiga biyan ta albashi a kan abin da a da ake dukan ta dominsa.

Shekara goma sha shida ta yi tana wannan aiki. Babu ɗan acaɓan da bai san ta ba daga Kazaure zuwa Gwiwa da Babura: guntuwar mace, dogon hijabi, rikoda a hannu, tana bayan babur tana koya wa mai babur ɗin hanya.

Harkar sulhu kuwa tsautsayi ne ya jefa ta ciki. Wata damina shanun Ardo Hamma suka shiga geron Sarkin Noma Daudu a wani ƙauye kusa da Roni. Daudu ya ce da gangan ne. Ardo ya ce ai gonar ce ta shigo burtali, hanyar shanu tun zamanin kakanni. Zulaiha ta je ɗaukar labari, ta tarar samari sun fito da sanduna da adduna. Tsoro ya kama ta, ta faɗi abin da ya zo bakinta.

"Baba Sarkin Noma, Baffa Ardo, ku matso nan. Zan ɗauki maganarku yadda take, ko kalma ɗaya ba zan yanke ba, gobe a sa bayan labarun rana. Surukanku duk suna da rediyo, ko ba haka ba?"

Ardo, mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukinsa ba, ya gyara malafa ya ce ai shi da Daudu tare suka yi wasan ƙasa. Daudu, da ɗazu yake rantsuwa sai ya ga bayan shanun nan, ya ce to dama dabba ina ta ga hankali. Kafin la'asar an duba ɓarna, an jera duwatsu a bakin burtali. Sai a hanyar gida ta lura ashe babu batir a rikodar.

Tun daga ranar ba ta huta ba. Rikicin mashayar shanu a Gwiwa, a kira Zulaiha. Masu rumfa a Babura sun saɓa da baƙinsu na Nijar, a kira Zulaiha. Ardo da Daudu kuwa suka mai da gidanta kamar asibiti, duk kaka sai sun zo da sabon ciwo.

Abin da ya ishe ta shi ne kullum rigimar ɗaya ce, babu mashaya, babu turakun siminti a burtali. Ta faɗa a rediyo har muryarta ta dushe. Sai ta ce bari ta shiga inda ake yanke shawarar da kanta. Ta ajiye aikinta, ajiyewar da babu komawa, ta tsaya takarar kansila. Abokin karawarta Haladu ne, mai shagon taki, wanda duk jawabinsa na kamfe bai wuce "Allah ya sa mu dace" ba.

Hankalinta a kwance yake, domin akwatin gindin tsamiya, inda ƙauyen Daudu da rugar Ardo ke jefa ƙuri'a, shi ne mafi girma a mazaɓar. Ta je wajen Ardo, ya ce, "Ai ke tamu ce." Ta je wajen Daudu, shi ma ya ce, "Ai ke tamu ce."

Ranar zaɓe suka yi kankankan da Haladu a ko'ina, har aka kawo sakamakon gindin tsamiya. Haladu ɗari uku da sha ɗaya. Zulaiha biyu.

Ta yi kuka, kuka na gaske, ba don kujerar kaɗai ba. Mutanen da ta sha rana dominsu ne suka yi mata haka. Kwana uku ko zaure ba ta leƙa ba.

Rana ta huɗu da hantsi sai ga Ardo da Daudu a kan babur ɗaya, Ardo ya riƙe ƙugun Daudu. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta gaishe su sama-sama.

Daudu ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Zama muka yi mu biyu, ba mai raba mu, muka hana mutanenmu zaɓen ki. In kika zama kansila kin zama 'yar jam'iyya. Ranar da kika ce shanu ne da laifi, a ce don manoma sun fi yawan ƙuri'a ne. To wa za mu kai wa ƙara?"

Ardo ya ce, "Haladu kuwa ko ya tafi ba mu yi asarar komai ba."

Haushi ya turnuƙe ta. Shekara da shekaru tana fama su haɗa kai, yau sun haɗa, kuma a kanta.

"To su wa suka jefa mini biyun nan? Ko su in je in yi wa godiya."

Ardo ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Daudu ya ɗaga ido yana duban rufin zaure. Can suka juyo suka dubi juna.

"Ardo! Ashe amanata ka ci?"

"Ni ɗaya na jefa. Ta biyun fa, aljani ne?"

Nan take murya ta hau, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Zulaiha ta goge ido da gefen hijabi, ta gyara zama a tsakaninsu.

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji ta. "Baffa Ardo, kai ne babba. Fara."