Injin Da Ba Ya Kai Ruwa Ko'ina

Malam Jibo mutumin Makera ne, shekara talatin yana noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe. Daga nesa in ya ji ƙarar injin ban ruwa yakan faɗi abin da ke damunsa, kuma ba ya ƙin a san haka. Da gwiwa ta gaza, surukinsa ya samo masa aiki a wani masaukin baƙi a Dutsin-Ma, inda aka gina tafkin ninkaya.

Hajiya Ikilima, mai masaukin, ta tambaye shi ko ya san inji. Murmushi kawai ya yi.

Ranar farko ya bi bututun injin tafkin da hannu. Injin na zuƙo ruwa daga tafkin, ya ratsa da shi wani ɗan kwando, ya tura shi cikin ƙaton tulu cike da yashi, sannan ya zubo shi cikin tafkin dai. Ya sake bi, ko akwai reshen da ya tsallake. Babu. A fadama kuwa in fangalin shuka ya cika da ruwa kashe inji ake yi, wanda ya bar nasa yana kuka sai ya zama abin hira a kasuwa. Malam Jibo ya kashe, yana tausayin 'yan birni.

Kwana huɗu ruwa ya yi kore shar.

"Baba Jibo, kiwon kwaɗi muka koma?" in ji Hajiya. "Ran Asabar malaman jami'a za su zo da iyalinsu. In suka tarar da wannan miyar kukar, ni da kai sai gaisuwar hanya."

A gida ya kai ƙara wurin matarsa Hawwa'u. "Ke ji min, injin da ke mai da ruwa inda ya ɗebo shi, aikin mi yake?"

"Malam, in rani ya yi, ina muke tono ruwan sha a rafi?"

"Cikin yashi mana."

"To mi ya hana mu kamfata a kududdufi?"

Ya daɗe yana gyaran hularsa.

Da sassafe ya kwashe ganyen darbejiya daga kwandon, ya wanke yashin, ya zuba maganin ruwa. Ya kunna inji, ya ja kujera nesa da makunnin. Ran Juma'a bayan masallaci ana hango ƙasan tafkin. Hajiya ta leƙa, ta ce a ƙara masa nama a abinci.

Yana can har yau. In ya ga tafkin cike, hannun dama yakan ɗan motsa kamar zai kashe inji, shi ya sa carbi ba ya barin wannan hannun. Abokan fadama in sun tambaye shi abin da yake nomawa yanzu, yakan ce, "Yashi nake wa ban ruwa. Bai tsiro ba tukuna."