Nonon da Nake Ba Mai Feshi

Ni na hana jikana zuwa jami'a. Ba ubansa ba ne, ni ce. Gara in faɗa da bakina.

Wansa ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa, ya dawo Karaye da takarda a leda, yana ta zaman benci a ƙofar gida. Shi ya sa da ƙaramin ya gama sakandare na ce wa ɗana, ubansu, ɗaya ya isa, wannan a ba shi sana'a. Lokacin mutane sun fara ajiye fartanya, kowa feshin ciyawa yake so. Na sayar da tunkiyata aka sayo masa famfon feshi, irin wanda ake goyawa a baya. Damina ɗaya ya bi wani mutumin Tudun Kaya, ya iya.

Sana'ar kuwa ta karɓe shi. Daga Kafin Dafga har Beli ake zuwa nemansa, ciyawa da farkon damina, wake da kaka. Ya yi babur, ya yi ɗaki, ya yi aure. Ni ma bakina ya ƙi rufuwa. Gidan biki, gidan suna, sai na ce, "Ina masu digirin?" Ko wansa yana ji ban fasa ba.

Kowa ya san in mai feshi ya dawo sai ya sha nono, wai yana wanke dafin. Ni nake ajiye masa. Tun daga zaure zai ɗaga murya:

"Tsohuwa, ina nonon angonki?"

"Ango mai warin maganin ƙwari? Wanke hannu tukuna."

Sai ya goge a wando ya karɓi ƙwaryar. Na sha ganinsa yana juya magani da hannu. In bakin famfon ya toshe, baki yake sawa ya hure. Tankin yana yoyo, rigarsa kullum sharkaf a baya. Ban taɓa damuwa ba, tunda ga nono.

Karatu kuwa sai da haƙorana suka fara zubewa na shiga ajin yaƙi da jahilci. Tun daga nan ko takardar ƙosai ba ta wuce ni. Bara matarsa ta aiko mini daddawa a ƙunshe cikin wata takarda, ashe ta malamin gona ce, da Hausa. Na warware, na bi da yatsa. Da na kai ƙarshe na sake komawa farko, ko ni ce ban iya ba. Takardar ta ce nono ba ya kashe dafin maganin, kuma ta fata ma yana shiga. Ta lissafa ciwon kai, yawan gumi, gani dishi-dishi, rawar hannu. Babu wanda ban gani a jikinsa ba. Ni da na ce gajiya ce.

Da ya zo na hana shi ƙwaryar, na miƙa masa takardar.

"Karanta, kai da ka yi sakandare."

"Na gani tuni. Takunkumi da safar hannu a wannan ranar? Sai in shiɗe kafin in gama kadada ɗaya."

"To mu je asibiti."

"In damina ta wuce." Ya yi dariya. "Ke fa kika ce takarda ba ta ciyar da mutum, Kaka. Yau kuma takarda kike ba ni?"



Damina ta wuce, bai je ba. Na yi wa ubansa magana, ya ce gidan nan kaf wa yake riƙe da shi? Na kwance bakin famfon na ɗaure a gefen zanina, washegari ya sayo wani a kasuwa, har yana tsokanata wai in ajiye wancan na gado.

Bana ruwa ya sauka da wuri. Shekaranjiya tun da hantsi masu gona uku suka yi sallama. Kafin ya fita, jikan nawa ya leƙo ɗakina ya ce ko nonon ba ya magani a ba shi, ya saba. Na ba shi. Kafin ƙwaryar ta kai bakinsa rabin nonon ya zube a ƙirjinsa. Ya dube ni, na dube shi, babu wanda ya yi wasan ango.

A tsakar gida ya kasa ɗaura igiyar tankin. Wansa ne ya taso daga benci ya karɓa, ya goya a nasa bayan, ya ce shi zai tuƙa babur ɗin.

"Na gaji da gori, Kaka," in ji wan nasa. "Ai ke kika ce a koyi sana'a."

Na kira su. Ƙarar babur ta rufe muryata. Da azahar matarsa ta aiko tana tambaya, nonon mutum ɗaya za a saya ko na biyu.