Motar da Baba ya shiga da ƙafarsa

Ko da tsufa zai sa in manta ranar da na buɗe shagona na farko, ba na jin zan manta da wata Asabar da aka ajiye motoci biyu a ƙofar gidan mahaifina. Shekara bakwai ke nan, amma har yau idan na dubi kujerar gaba ta motata sai ranar ta dawo mini sabuwa fil.

Mahaifina direba ne. Ya baro garinsu can wajen Konni yana saurayi, ya zo Yamai, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa manyan ma'aikata. Mun tashi muna ganinsa da tsumma a kafaɗa, ya goge motar wani, ya buɗe wa wani ƙofar baya, ya rufe, sannan ya zagaya ya shiga gaba. Akwai ranar da ina 'yar makaranta ruwa ya tare ni a bakin gudron, wato titin kwalta, sai ga shi ya zo wucewa. Ya gan ni, na gan shi, amma bai tsaya ba, domin patron, ubangidansa, yana baya yana karanta jarida. Da ya dawo gida ya kira ni da sunan da yake kirana, tunda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ya ce, "Uwata, ki yi haƙuri, motar ba tawa ba ce." A ranar na ɗauki alkawari a raina: wata rana sai na zaunar da Baba a kujerar baya ta dama, kujerar patron, ni in tuƙa shi. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san idan na kafe a kan abu, sai dai a bar ni.

Allah ya buɗa mini a cinikin atamfa da leshi, na yi aure, muka zauna a unguwar Dar es Salam. Baba ya ajiye aiki, ya koma gidan da ya gina a unguwar Bobiel shi da Inna. Ana nan sai hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafar ce kawai ta ƙi, sai ya ja ta da sanda.

Motar da nake da ita a lokacin 'yar ƙarama ce mai jan ciki a ƙasa. Shigarta babu wuya, faɗawa kawai ake yi, fitowar ce aiki. Wata Juma'a muka kai Baba masallaci, ya yi ya yi ya tashi daga kujera ya kasa, sai ƙannena biyu suka cicciɓo shi a gaban jama'a kamar buhun hatsi. Mutane suka taru ana ta sannu, sannu. Tun daga ranar Baba bai sake fita ba. Ya bar zuwa Juma'a, ya bar zuwa fadarsu ta tsofaffin direbobi da ke Gaweye, inda suke shan shayi a ƙarƙashin wata bishiya kusa da gada. Likita ya ce lallai ya riƙa fita yana ganin mutane, amma ko an yi masa maganar sai ya ce zafi ya yi yawa. Muna kallo mutum mai surutu da ban dariya ya koma zaman tsakar gida, yana ramewa, yana kallon bango. Abin ya dame ni ƙwarai, na ce to mota zan sauya.

A wurin wani mai sayar da motoci na ga guda biyu, duka kat-kat, irin jif ɗin nan masu ɗan tsayi da za su iya yashin Bobiel da ruwan damina. Ɗaya baƙa ce wuluk, babba, kujerunta na fata masu launin madara, da kilim mai sanyaya mota har na mutanen baya, da wata matakala mai ƙyalli a gefe da ake takawa a hau. Ɗayar kuma ƙarama ce mai ruwan toka, kujerun yadi, irin wadda ta cika gari, wadda ko a duhu kowane makanisiyen, mai gyaran mota, ya san kayanta. Maigidana ya ce in ɗauki ƙaramar, ba ta shan esansi, wato man fetur, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Na ce masa baƙin ciki yake yi don za ta fi tasa. Mako biyu ina kai da kawowa, amma gaskiyar magana tun ranar da na ga kujerar bayan babbar, na riga na ga Baba zaune a kanta. Har na baza wa matan kasuwa labari cewa jirgi zan saya.

Mai motocin Bazabarme ne haifaffen Yamai, mutum mai sanyin magana, ya kai shekara hamsin, Hausarsa ta kasuwa ce. Na ce masa kafin in biya ya kawo babbar gidan Baba ya sa mata albarka. Ranar Asabar da hantsi ya zo da ita, abokin aikinsa yana biye da shi a ƙaramar, don ita za ta mayar da su. Kafin a kashe inji layinmu ya cika, maƙwabta da matan gidaje da mai tebur, kowa ya fito kallo.

Baba ya fito da farar rigarsa da hula, yana dogara sandarsa. Ya zagaya babbar motar a hankali yana shafa jikinta, yana cewa ma sha Allah. Ni kuma na gyara mayafi, na buɗe ƙofar baya ta dama, na ɗan rusuna yadda na sha ganin yana yi wa wasu, na ce, "Patron, bisimilla." Jama'a suka kwashe da dariya, wasu har da guɗa. Zuciyata ta cika, na ce yau alkawari ya cika.

Baba ya yi murmushi, ya dafa ƙofar, ya dubi matakalar. Ya ɗaga ƙafar dama kaɗan, ta hagu ta yi rawa, sai ya mayar da ita ƙasa. Ya ce, "Bari in duba tayoyi tukuna." Ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi shekarar motar, ya tambayi ƙasar da ta fito. Na ce, "Baba, ku shiga mana, ku ji sanyin kilim." Ya ce to, sannan ya koma tambayar batir. Duk wannan a gaban idona aka yi, amma ban ga komai ba, domin idona yana kan maƙwabta, ina karanta yadda abin ya burge su. Sai na hango ƙanena ya fara naɗe hannun riga yana matsowa, zai ɗaga shi.

Kafin ya iso, mai motocin ya shiga tsakani kamar bai lura da komai ba. Ya ɗan duƙa ya ce, "Baba, kala suuru, ku yi mini haƙuri. An ce mini ku tsohon shofer ne, kun daɗe kuna tuƙi. Wannan ƙarama tana yi mini wata ƙara, makanisiyen biyu sun saurara ba su gane ba. Don Allah ku ba ni aron kunnenku."

Ai sai na ga fuskar Baba ta sauya. Ya ce, "Mu tahi mu ji." Mutumin ya buɗe masa ƙofar gaba, ya tura kujerar can baya sosai, ya ja gefe ya tsaya, bai miƙa masa hannu ba. Kujerar daidai ƙugun Baba take. Ya juya mata baya, ya zauna kamar a kujerar tsakar gida, ya sa hannu ya ɗago ƙafar hagu ya shigar, ya jingina sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Aka tayar da inji. Baba ya rufe ido, ya karkatar da kai. Ya ce, "Taka kaɗan. Sake. To, bari haka nan." Can ya buɗe ido ya ce, "Moter ɗin nan, injin kansa, lahiya lau yake. Bulon guda ne, ƙusar ɗauri, ya saki a ƙasa, wajen bututun hayaƙi. Waɗanne irin makanisiyen ke gare ku yanzu?"

Ni fa a lokacin raina ya gama ɓaci. Na shirya biki, wani ya zo ya ɗauke mini angon. Na ja mai motocin bayan babbar motar, na ce, "Malam, wa ya ce ka kawo mini tallan waccan? Ko wani ne ya ƙara maka kuɗi a kan wannan, kake son ka zame?"

Bai yi fushi ba. Ya ciro makullin babbar ya miƙo mini, ya ce, "Hajiya, wannan ta fi mini riba, ke ma kin sani. In ita kike so, ga ta, yanzu ma. Amma motar don wa za a saye ta?"

Na ce, "Don mahaifina mana."

Ya ce, "To ki duba can. Tsoho ya shiga, wa ya taɓa shi?" Sannan ya ce, "Nawa tsohon irin wannan ciwo ya yi. Shekara biyu muna ɗaukarsa mu sa a mota, mu ɗauko shi. Bai taɓa cewa komai ba. Amma duk ranar da muka ɗaga shi a gaban mutane, ranar ba ya cin abinci."

Na juya na duba. Baba yana zaune, gwiwar hannunsa a kan taga, maƙwabta sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda ya taɓa kai mota Agadez da taya uku masu rai. Yana ɗaga murya, yana dariya. Wata takwas rabon da in ji wannan muryar. Kunya ta rufe ni, hawaye suka zo mini. Ashe duk abin nan da nake yi, ba ciwon Baba nake jinya ba, nawa ne, na yarinyar nan da aka wuce a cikin ruwa. Saura ƙiris in sayi motar da za a riƙa cicciɓarsa kullum, in kuma kira abin girmamawa.

Duk da haka girman kai bai sake ni nan take ba. Na tuna matan kasuwa, na tuna guɗar da aka yi yanzu-yanzu. Na share fuska, na je na durƙusa a gefen ƙofar, na ce, "Baba, wacce za mu ɗauka?"

Ya ce, "Uwata, kuɗinki ne. Waccan mota ce ta manya, ta dace da ke."

Na ce, "Ni ku nake tambaya."

Ya daɗe yana kallon gilashin gaba, sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce, "Shekara talatin ina kallon kujerar baya a madubi, ban taɓa sha'awarta ba. Mai zama can ba ya ganin hanya, ƙeyar mutum kawai yake gani. In za ki tuƙa ni, bar ni nan gaba, in ga hanya, in yi miki faɗa."

Na tashi na mayar wa mutumin makullin babbar. A ita suka koma, ƙaramar ta kwana a Bobiel. Da aka kai ta garaji kuwa, sai ga bulon ɗin ya saki daidai inda Baba ya ce. Da na gaya wa mai motocin ya riƙe baki, ya rantse mini shi ƙirƙirar ƙarar ya yi, bai taɓa jin komai ba. Matan kasuwa sun yi wata guda suna tambayata ina jirgin, ko bai sauka ba tukuna. Maigidana kuma ya dinga yawo yana cewa shawararsa aka bi. Har yau ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Juma'ar da ta biyo baya Baba ya riga ni shiri. Ya shiga da kansa, ya ja ƙofa da kansa. Tun daga Bobiel har masallaci faɗa yake yi mini: na cika taka birki, ban san rami ba, waye ma ya ba ni permin tuƙi. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Bayan an sauko ya ce mu wuce Gaweye. Na so in tsaya nesa kaɗan don kada a ga fitowarsa, ya ce a'a, in kai shi har gindin bishiyar. Ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafar dama, ya sauke ta hagu da hannu, ya kafa sanda, ya miƙe tsaye. Tsofaffin nan suka tashi gaba ɗaya, wani yana cewa, "Kai, mun zaci ka sayar da mu!" Baba ko waiwayo na bai yi ba, ya ɗaga mini hannu ta baya ya ce in dawo bayan la'asar. Na matsa gaba kusa da gada, na kashe mota, na yi kuka mai isata.

Shekara uku muna wannan tafiya, kusan kowace Juma'a, har Allah ya karɓi abinsa. Mai motocin ya zo ta'aziyya, na rasa kalmar da zan gode masa da ita. Mutum ne da ya bar riba a hannu don ya rufa wa tsohon da bai sani ba asiri, kuma ya yi shi ta yadda tsohon bai ma san an taimake shi ba. Duk sallar da na yi wa Baba addu'a sai na haɗa da shi da nasa mahaifin. Motar tana nan, ta tsufa, an sha ce mini in sauya. Kujerar gaba tana nan a ture baya inda aka tura masa ita, 'ya'yana sun san ba a taɓa ta.

Abin da na koya a ranar shi ne, idan za ka girmama mutum, ka fara duban abin da yake iyawa da abin da yake jin kunya, ba abin da kai kake son a gani ba. Na so in ɗaga mahaifina sama don mutane su kalla. Shi kuwa abin da yake so bai wuce ya shiga da ƙafarsa, ya fita da ƙafarsa ba.