Koriyar Fitilar Inna Hassi

Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da muka buɗe firizar Inna Hassi a Yelwa. Lokacin ina ƙaramin injiniya, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

Inna Hassi dattijuwa ce mai sarin kifi a bakin ruwa. Kamfaninmu ya kafa mata firiza mai aiki da hasken rana, ni aka ba haɗa na'urar da ke kunna injin sanyi da kashe shi. Cip ɗin da muke amfani da shi, wato ɗan allon lantarkin da ke sarrafa na'urar, yana da babbar ƙwaƙwalwa, da wasu ƙananan sassa kamar 'yan aike, waɗanda in ka rubuta musu aiki sai su ci gaba da yi su kaɗai. Don in rage wa ƙwaƙwalwar nauyi, sai na ɗora wa ɗaya daga cikinsu kifta koriyar fitilar da ke nuna komai lafiya. Har fariya na yi wa oga. Na kuma ja wa Inna kunne cewa muddin fitilar tana kiftawa kada ta buɗe murfi, don sanyi zai fita.

Da bazara ta kankama sai ƙwaƙwalwar ta daskare ta daina aiki, injin ya tsaya, ɗan aiken kuwa bai san an yi ba, yana ta kiftawa abinsa. Firizar cike take da giwan ruwa da ragon ruwan da Inna ta tara wa wani mai saye daga Kontagora. Maƙwabtanta sun ce mata sun daina jin ƙarar inji, ta ce injiniyanta ba ya ƙarya.

Da aka kira mu muka ɗaga murfin, warin ruɓaɓɓen kifi ya kori kowa daga rumfarta. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Da ma zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na gyara na'urar a gabanta, na mayar da fitilar hannun ƙwaƙwalwar, yadda in ta mutu fitilar ma za ta mutu. Tun ranar ba na barin ɗan aike ya ba da shaidar lafiyar wanda ya aike shi, domin mutane ba da cip suke amincewa ba, da mu ne.

Ina tattara kayana ta ce, "Ɗana, yanzu hitilar ga za ni duba, ko in riƙa buɗewa?"

Na ce, "Ki riƙa buɗewa, Inna."