Matsin Ruwa da Matsin Rayuwa

Mu biyar aka cusa a Keke Napep daga Kpakungu zuwa Chanchaga, ban da direba. Sau biyu na ƙirga. Ga intabiyu na jirana.

Direba yana ta labarin ƙaramin jirgin nan da ya hallaka attajirai a ƙarƙashin teku: "Bum! Ya fashe kamar balan-balan!"

Na kasa haƙuri. "Oga, ba fashewa ya yi ba, matsin ruwa ne ya murƙushe shi daga waje. Kuma sai da masana suka yi gargaɗi. Ni ma ga nawa: lodin nan ya yi yawa."

Wata mama da gwiwar hannunta ke cikin haƙarƙarina ta ce, "Ɗana, su matsi ɗaya ya gama da su. Mu tun cire tallafin mai gwamnati ke matsa mu, har yau muna numfashi. Mu ne jirgi mai inganci."

Direba ya taka birki. "Injiniya, sauka mana, lodi ya ragu."

Na duba agogo, na gyara zama, na ce, "Mu je."

Ku fa, wace gaskiya kuka haɗiye don ku isa inda za ku?