Harsashin Agwagwa

A shekarar da yaƙi ya rufe mashigin Suwais, jiragen ruwa suka rage zuwa Jidda, kaya suka yi wuya a kantunan Bab Makka. Har harsashin bindiga sai wanda ka samu. Lokacin ina zaune a Ammariyya, ina kwafa wa alhazanmu littattafan addu'a da ajami, idanuna biyu garau.

Maƙwabcina Bahaushen Sudan ne, ya girme ni, ina ce masa Yaya. Direba ne ga wani attajiri, shi ke riƙe masa bindiga mai baki biyu in za su harbin agwagwar ruwa a gefen teku. Attajirin yana da gona a wani kwari kan hanyar Makka, ya zuba talotalo a ciki. Mai kula da su ya bar aiki, suka fantsama cikin ƙaya, suka koma kamar na daji. Da attajirin zai yi baƙi, sai ya ce Yaya ya je ya harbo masa su.

"Malam, taso da wuƙarka," in ji Yaya. "Su maigidana a wajensu in an harba da bisimilla ya halatta. Mu fa?"

Na ce, "Mu a karatunmu, abin kiwo ko ya gudu, sai an yanka."

"To ka gani. An ce za a ba ni guda, ni kuwa ba na kai wa iyalina mushe. Ni harbi, kai gudu da yanka. Ko alƙalami ya cinye maka ƙafafun?"

A mota ya nuna mini harsasan, yana tsaki. Ya ce na agwagwa ne, an yi su don su bazu a sama kamar an watsa gero. Talotalo kuwa gashinsa sulke ne, sai da harsashi mai tafiya a dunƙule ya sami kai. Ya zaga Bab Makka da Sharafiyya, babu.

Da hantsi muka tarar da wani ƙaton namiji a gindin ƙaya. Yaya ya saki bakin bindiga na farko, tsuntsun ya kife yana bugun ƙasa. Na sheƙa da wuƙa, don in riske shi da rai. Ashe gashi kawai harbin ya kakkaɓe. Ya miƙe zai tsere, Yaya ya saki na biyun. Kan tsuntsun ya auna, ni kuma ina can gefe. Da harsashin da ya nema ne, da ko rigata bai taɓa ba. Na ji kamar an watsa mini yashi mai zafi a fuska. Na ce innalillahi, na durƙusa.

Likita ya ciro abin da ya iya. Idon dama ya tafi, na hagu ya saura da hazo. Da ɗan sanda ya zo, na ce ba ni da ƙara, don na san kurkuku ne da kora ke jiran Yaya, ga shi da 'ya'ya.

Bayan an sallame ni Yaya ya zo ya zauna a bakin ƙofata.

"Malam, ga idona. A cire."

"Me zan yi da idon direba?"

"To ka ce ka yafe."

"Na ce ba ni da ƙara."

Ya san ba ɗaya ba ne. Ni kuma ba na furta abin da babu shi a zuciyata, Allah na ji. Rubutu ya ƙare mini. In na ɗora alƙalami, baƙaƙen sai su narke su haɗe. Na koma sayar da aswaki a ƙofar masallaci.

Shi bai sake taɓa bindiga ba. Kowace Juma'a yakan zo ya riƙe hannuna zuwa masallaci, yana gaya mini ga rami, ga mota. In mun dawo yakan ɗan tsaya, yana jira. In ce Allah ya saka, ya tafi. Haka shekaru suka yi ta wucewa, har 'ya'yansa suka fi jin Larabci da Hausa.

Akwai ƙwayar dalma guda ta harsashin da ta maƙale a kumatuna, nakan taɓa ta wajen alwala. Da aka ce mini ciwon ƙirji ya kwantar da Yaya, ba a sa ran tashinsa, na kwana biyu ina juya abin a raina. Sannan na je wurin wanzami ya tsaga, ya ciro mini ita.

Na same shi ya rame, numfashi da ƙyar.

"Yaya, buɗe hannunka. Ga ajiyarka."

Ya murza ta da yatsa, ya gane.

"Na yafe," na ce, "duniya da lahira. Halas, shi ke nan."

Ya riƙe hannuna. Can ya ce, "Talotalon nan fa, ka ga ko yanka shi ba ka yi ba."

"Ya tsere, Yaya."

"Alhamdu lillahi," in ji shi, ya dunƙule hannu a kan dalmar.